Bishiya Ajiya Take Yi, Ba Ta Kashe Hayaƙi

Da damina ta sauka, sai a ji jami'ai a bikin dashen itatuwa suna cewa bishiya tana shanye hayaƙin da ke ɗumama duniya, kamar daga nan an huta. Rabin maganar suke faɗa, kuma rabin da suke bari shi ya fi damuna.

Bishiya ba ta halaka iskar kabon. Ganye ne ke zuƙarta, da taimakon hasken rana ya mai da ita saiwa da reshe da kututture, har kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Rumbu ce ke nan, ko asusun ƙasa da yaro ke jefa kwabo. Ranar da aka sare ƙirya aka turara ta gawayi, an fasa asusun: abin da ta tara a shekara talatin zai koma sama ta murhun mai shayi da tukubar mai tsire.

Teku ma yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da mutane ke fitarwa, musamman ruwan sanyin da ya kewaye Antaktika. Dubi kwalbar lemo. Mai sanyi tana riƙe gas ɗinta, wadda ta wuni a rana kuwa da an buɗe sai ta yi kumfa ta salance. Haka teku yake in ya ɗumama. Abin da ya riga ya sha kuma ya ƙara masa tsami, har halittu masu ɓawo suna wahalar gina ɓawonsu.

Ƙanƙara ita murfi ce kawai. Daskararriyar ƙasar Saibiriya da Alaska da arewacin Kanada ta danne ragowar tsirrai masu kabon kusan ninki biyu na wanda ke sararin sama. Nama ne a firiji. In ƙasar ta narke, kamar wuta ce ta ɗauke, ruɓa ta fara.

Ba ina rage darajar dashe ba ne. Manoman Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 ta hanyar barin gawo da sauran tohon gona su girma, suna sassabe su suna tsaronsu. A bikin dashe kuwa, ina so a riƙa faɗa mana wa zai yi ban ruwa a watan Afrilu, wa zai kewaye dashen da ƙaya saboda awaki, da kuma abin da matar da ta dogara da itacen girki za ta hura a madadinsa.