Ƙara Adadi a Wutsiyar Jeri

Ranar kasuwar Assakio, a gabashin Lafiya, dillalin riɗi yakan zauna da littafinsa kusa da sikeli. Buhu ya hau, a karanta nauyi, ya rubuta a ƙasan na baya: 98, 101, 95. Wannan ƙarin da ake yi a wutsiyar lissafi shi masu rubuta manhaja ke kira append.

A harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, jeri na gama-gari kamar littafin dillalin nan yake. Kwamfuta tana barin 'yan gurabe a ƙarshensa, sabon adadi na zuwa sai ya samu mazauni.

NumPy kuwa halinsa daban. Ƙunshin kayan lissafi ne da Travis Oliphant ya haɗa, sigarsa ta 1.0 ta fito a 2006. Jerinsa buhu ne da aka cika maƙil aka ɗinke bakinsa: adadai iri ɗaya, manne da juna a ma'ajiyar kwamfuta, ba masaka tsinke. Daga nan saurinsa ya samo asali. To idan kana son ƙara mudu ɗaya fa? Umarnin np.append ba ya farke ɗinki. Sabon buhu yake ɗaukowa, ya juye duk abin da ke cikin tsohon, sannan ya ɗora mudun a kai. Ka yi haka sau 1,000, kwamfuta ta kwafi adadi wajen rabin miliyan saboda aikin dubu ɗaya kacal. Wannan asara ce, kuma ba a jin ta sai bayanai sun taru.

Akwai wani tarko da ke kama masu koyo. Tunda sabon jeri umarnin ke miƙo maka, tsohon yana nan yadda ka bar shi. In ba ka karɓi sabon ka sa masa suna ba, ƙarin ya bi iska, kwamfuta kuma ba za ta ce maka uffan ba.

Masu kula da pandas, ƙunshin sarrafa bayanai cikin jadawali, sun cire nasu append ɗin ɗungurungum a siga ta 2.0 a 2023, suka bar concat, mai haɗe komai a tashi ɗaya.

Kai ma, mai karatu, tara adadanka a jerin Python tukuna. In ka gama, ka mayar da su jerin NumPy sau ɗaya.