Dogon Yaro a Katangar Garka

A Dawce, ƙasar Matameye, garka ita ce rumbu na biyu na magidanci, katanga kuwa ita ke tsaronta. Tsuntsaye da jemagu kan yar da ƙwallon dogon yaro cikin tsagar gini. Saiwa ta kutsa ta buɗa tsagar, ruwan damina ya ƙarasa ɓarna, awaki su sami ƙofa.

Sara ba ya magani, gama kututture yana sake toho. Sai a tumɓuke tsiro da saiwarsa bayan ruwan fari, sa'ad da ƙasa ta yi laushi, kana a toshe ramin da kwaɓin ƙasa da ramno. In tumfafiya ce, a kiyaye ido da nononta.

Ya ku manoma, aikin safiya guda ne. Wanda ya yi sakaci, sabon gini ke jiransa da kaka.