Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne: aikin ƴar rakiya daga ciki har arba'in

A ƙasar Gaya, daga Tanda zuwa Tunuga, daga Bengu zuwa Yelu, in aka ji guɗa ta tashi a cikin gida, an san an samu ƙaruwa. Maƙwabta su shigo barka, maigida ya shiga neman ragon suna. Amma kafin guɗar nan akwai wata 9 na ɗawainiya da daren naƙuda. Bayanta kuma akwai kwana 40 na jego. Tafiya ce mai nisa, kuma bai kamata a bar mace ta yi ta ita kaɗai ba. Jama'a masu karatu, yau za mu yi magana a kan matar da ke tsaya wa mai ciki tun daga farko har ƙarshe.

Wace ce ƴar rakiya?

Ƴar rakiya mace ce mai hankali, mai haƙuri, mai riƙon asiri, wadda mai ciki ta yarda da ita. Tana iya zama uwarta, ko gwaggonta, ko yarta, ko wata dattijuwa ta unguwa. Ba likita ba ce. Ba ta yin allura, ba ta ba da magani, ba ta sa hannu cikin jikin mai naƙuda. Aikinta shi ne ta raka, ta lura, ta kwantar da hankali, ta yi magana a inda kunya ta hana mai ciki magana.

A Amurka da ƙasashen Turai akwai matan da suka koyi wannan aiki har ya zama sana'arsu. Ana kiran irin wannan mata dula. Mu kuwa abin ba baƙo ba ne gare mu. Tun kaka da kakanni yarinya mai cikin fari kan koma gidan iyayenta goyon ciki. Ungozoma, wadda waɗansu ke kira arwanka, ita ke yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta yi wa jariri wanka. Tun cikin shekarun 1960 hukumar lafiya ta Nijar ta fara horar da ungozomomin ƙauye a jihar Maraɗi. A yau abin da ake so ga ungozoma shi ne ta kai mai naƙuda asibiti da wuri, ta zauna tare da ita, ta bar karɓar haihuwa ga ma'aikatan da suka yi karatun aikin.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2017 masana suka tattara bincike 26 da aka yi a ƙasashe 17, a kan mata fiye da 15,000. Sun gano cewa matar da ke da mai tsaya mata har ƙarshen naƙuda ta fi samun sauƙi. Naƙudarta kan ɗan rage tsawo, kuma ba a cika kai ta ga tiyata ba kamar wadda aka bari ita kaɗai. Shi ya sa a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a bar kowace mace ta zaɓi wanda zai zauna kusa da ita lokacin haihuwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsoro yana ɗaure jiki, kwanciyar hankali kuwa tana sake shi.

Lokacin ciki

Aikin farko shi ne awo. Yarinya mai cikin fari takan ɓoye cikinta saboda kunya har ya fito fili. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƴar rakiya ta lallashe ta, ta kai ta awo tun cikin bai wuce wata 3 ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau 8 kafin ta haihu.

A wurin awo ana duba hawan jini, da kwanciyar ɗa, da yawan jinin uwa. Ana yin allurar rigakafin tetanos, ciwon nan mai sandarar da jariri. Ana ba da ƙwayoyin ƙarin jini. Daga wata na 4 ana ba da maganin rigakafin masassarar cizon sauro. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai gare mu, domin Gaya tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar. Ga kogi, ga fadamu, ga gonakin shinkafa, sauro kuwa ba ya ƙarewa. Ƴar rakiya ta tabbata mai ciki tana shan ƙwayoyinta, tana kuma kwana cikin sange, wato gidan sauro, kowane dare.

Sai abinci. Allah ya albarkaci ƙasarmu da kifi, da wake, da gyaɗa, da zogale, da rama, da kuka, da muruci. Mai ciki ta ci ta ƙoshi. Waɗansu na hana ta ƙwai ko nama, wai kada ɗa ya yi girma ya ƙi fita. Wannan kuskure ne. Uwar da ba ta da jini ita ce haihuwa ta fi wahalarwa. In ciki ya tsufa, a ɗauke mata daka, da ɗaukar itace, da dogon duƙo a gonar shinkafa.

Shiri tun kafin rana

Naƙuda ba ta sallama. Takan zo da tsakar dare, ko a tsakiyar damina lokacin da hanya ta yanke. Saboda haka tun ciki na wata 7, ƴar rakiya ta zauna da maigida a amsa waɗannan tambayoyi:

1. A wace asibiti za a haihu?
2. Da me za a tafi: amalanke, ko babur, ko mota, ko jirgin ruwa? Wa ke da shi, kuma ya san da maganar?
3. In maigida ya yi tafiyar fatauci Kamba ko wani wuri, wa zai ba da izinin fita?
4. Nawa aka ajiye don hanya da abinci?
5. Wane ne cikin dangi zai ba da jini in an bukata?

A shekarun 2005 da 2006 gwamnatin Nijar ta yanke cewa tiyatar haihuwa, da awon ciki, da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. A 2024 kuma aka sanar da haihuwa kyauta a asibitocin gwamnati. Duk da haka kuɗin mota da na abinci suna kan mai gida. In abu ya fi ƙarfin ƙaramar asibiti, sai a tura babbar asibitin Gaya. In ya fi ƙarfin Gaya, sai Doso, tafiyar wajen kilomita 150. Ajiyar kaɗan-kaɗan ko zubin adashi yana fitar da mutum kunya a irin wannan rana.

Ranar naƙuda

An koya wa ƴaƴanmu cewa jaruma ita ce wadda ta haihu shiru, ba wanda ya ji. Wannan shirun ya ci rayuka da yawa. Da zarar naƙuda ta fara, ƴar rakiya ta ɗauki takardar awo, da zannuwa masu tsabta, da sabulu, a kama hanya.

A asibiti ta zauna kusa da ita. Ta shafa mata baya, ta share mata zufa, ta ba ta ruwa ko kunu, ta riƙe ta su ɗan yi tattaki in ma'aikata sun yarda. Ta yi mata magana mai daɗi: "Sannu ƴata, Allah ya raba lafiya." A Gaya ana jin Dandanci, da Zabarmanci, da Hausa, da Fillanci. In mai naƙuda da ma'aikaciya ba su jin harshen juna, ƴar rakiya ta zama tafinta.

Akwai abubuwan da za ta hana. Kada a ba mai naƙuda jiƙe-jiƙen gaggauta haihuwa. Kada a danna mata ciki. Kada a yi mata yankan gishiri. Kada kuma rana ta fito sau biyu mace tana kan gwiwa. Doguwar naƙuda ita ke kashe ɗa a ciki, ita ke jawo yoyon fitsari.

Alamomin da ba a jira da su, ko cikin dare ne, su ne: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar ruwa ba naƙuda, fitowar hannu ko cibiya kafin kai, da ɗa ya daina motsi.

Bayan an sauka

Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa 2. A 2014 Nijar ta fara wani shiri na tsayar da wannan jini a asibitocinta, da ƙwayoyin da ake kira misoprostol da waɗansu dabaru. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna mace-macen zubar jini sun ragu da fiye da rabi. Amma magani yana asibiti, ba ya cikin ɗaki. Don haka mai jego ta yi aƙalla awa 24 a asibiti, ƴar rakiya tana duba zanenta. In jini ya jiƙe zane yana ci gaba, ta kira ma'aikata nan take.

Jariri kuwa a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, a rufe su, ya kama nono cikin awar farko. Dakashi, nonon farko mai kauri, ba dauɗa ba ne. Shi ne rigakafin farko na yaro, kada a matse a zubar. Nono kaɗai ya ishe shi har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo. A jinkirta wankansa sai ya kwana ɗaya. Kada a sa toka, ko kashin shanu, ko man kaɗe a cibiya.

Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba kowace al'ada ce za a riƙe yadda take ba. Hutun arba'in, da tsabta, da abinci mai kyau, duk alheri ne. Sai dai tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon wuta. A rage kanwa, a surka ruwan wanka. In mai jego tana haki, tana tari da dare, ƙafafunta sun kumbura, a kai ta likita.

A koma awo a kwana na 3, da cikin mako na 2, da mako na 6. Ƴar rakiya ta lura har da zuciyar mai jego. In tana yawan kuka, ba ta barci, ba ta son ɗaukar ɗanta, wannan ciwo ne mai magani. A saurare ta, a gaya wa ma'aikatan lafiya.

Kira ga magidanta

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A jihar Damagaram aka fara makarantar mazaje a 2008, inda magidanta ke zama suna tattauna lafiyar matansu. Kai ma maigida, kana da rabonka a wannan aiki. Ka ba da izini tun da wuri, ka tanadi kuɗin hanya kafin kuɗin rago, ka girmama matar da ta tsaya wa iyalinka.

Ku kuma da kuka iya karatu, ku karanta wa na gida wannan shafi. A tambayi kowace mai ciki: wa zai raka ki? In ba ta da kowa, matan unguwa su nema mata. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka samu.