Irlanda: inda ake yankan ƙasa a hura wuta da ita

Tsibirin Irlanda yana yammacin Turai. Ƙasa ce mai yawan ruwan sama da sanyi, amma tun ƙarnuka da suka wuce aka sare mafi yawan dazuzzukanta, gawayin ƙasa kuma kaɗan ne gare ta. To, da mi talakawa suka riƙa dahuwa da jin ɗumi? Da baƙar laka ta fadamu, wadda a harshensu suke kira "móin", Faransawa kuma "tourbe".

Wannan laka gansakuka ce da ciyayi da suka mutu cikin ruwa mai tsami, inda babu iskar da za ta ruɓar da su. Suna taruwa bisa juna, wajen milimita 1 a shekara. Ke nan kafin a sami zurfin mita 1 sai an yi shekara 1000.

A da, da bazara, wajen watan Afrilu ko Mayu, magidanci yakan shiga fadama da wani shebur mai kunne ɗaya da ake kira "sleán". Yana yanka lakar kamar tubali, yana jefa wa na bayansa, shi kuma yana shanyawa. In ta ɗan sha iska, mata da yara su jingina tubalan da juna a tsaye, har su bushe sarai. Daga nan a ɗora wa jaki cikin kwanduna, a jibge a gefen ɗaki. Aikin ya fi ƙarfin gida guda, shi ya sa suke yin gayya, "meitheal" da harshensu: yau a fadamar wane, gobe a ta wane, mai aiki ya ciyar da jama'a. Gidan da ya yi sakaci da bazara, shi da sanyin hunturu.

Fadama ba ta cin amana. Masu haƙa sun sha tono man shanu da aka binne tun shekaru dubbai. A 2003 an sami gawawwakin mutum biyu da suka haura shekara 2000, fatarsu ba ta lalace ba. Suna gidan tarihi na Dublin. A 2006 wani mai tuƙa injin haƙa a yankin Tipperary ya tono littafin Zabura na fata, wanda aka rubuta wajen shekara ta 800.

Bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da gawayin Ingila ya yi wuya, gwamnati ta kafa kamfanin Bord na Móna a 1946. Injuna suka shiga fadamu, aka janye ruwansu, aka riƙa ƙona lakar don samun lantarki. Dubban mutane sun sami aiki, amma abin da ya taru cikin shekaru dubbai ya kusa ƙarewa a wurare da yawa. Masana kuma sun nuna cewa busasshiyar fadama tana fitar da iskar da ke ɗumama duniya. A Disamba 2020 aka rufe tashoshin lantarki na Shannonbridge da Lanesborough, a Janairu 2021 kamfanin ya ce ya daina haƙa, ya koma mayar da ruwa cikin fadamun.

Mutanen karkara ba su yarda a raba su da gadonsu cikin sauƙi ba, an kuwa yi gardama mai zafi a majalisa. Dokar Oktoba 2022 ta hana sayar da lakar a kantuna, amma ta bar wa mai haƙƙin yanka a fadamar gidansu ya ci gaba da yanka, ya ƙona, ya kuma ba maƙwabcinsa.