Jumbo, giwar da sunanta ya zama kalma

In Bahaushe ya ga abu babba ƙwarai, sai ya ce ƙato ne, ko ya ce kamar toron giwa. Masu magana da harshen Ingilishi ma daga giwa suka samo waɗansu kalmominsu na girma. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce jumbo.

Jumbo sunan wani toron giwa ne. An haife shi a ƙasar Sudan wajen shekara ta 1860. Mafarauta suka kashe uwarsa, suka kama shi yana ɗan ƙarami. Aka sayar da shi, aka kai shi birnin Pari. A 1865 aka maida shi gidan namun daji na Landan. Can ya girma har tsayinsa ya wuce metir 3. Yara suna hawa bayansa, yana yawo da su.

A 1882 wani Ba'amurke mai wasan dabbobi, ana ce da shi Barnum, ya saye shi dala 10,000. Yaran Ingila suka yi ta rubuta wasiƙu suna roƙo a bar musu giwarsu. Ba a saurare su ba. Aka sa Jumbo cikin jirgin ruwa, sai Amurka. Barnum ya cika garuruwa da talla, yana cewa babu dabbar da ta kai shi girma. Bayan shekara 3, a 1885, jirgin ƙasa ya buge Jumbo a Kanada, ya mutu.

Amma sunan ya riga ya zauna a bakin mutane. Duk abin da ya fi ƴan'uwansa girma, sai su ce jumbo. Da aka ƙera babban jirgin sama Boeing 747, wanda ya fara tashi a 1969, jumbo aka yi masa laƙabi.

Akwai kuma mammoth. Wata irin giwa ce mai dogon gashi, ta ƙasashen sanyi, wadda ta ƙare shekaru dubbai da suka wuce. Yau in aiki ya yi yawa har ya ba da tsoro, sai su kira shi mammoth.

Abin dariya, ɗan dunƙulen nan Jumbo da mata ke sa wa miya bai kai akwatin ashana ba.