Hazo, hadari da saƙon da ke yawo a wayoyinmu

Makon jiya wani saƙon murya ya faɗo zauren WhatsApp na unguwarmu a Zuru, bayan wani ɗan'uwa ya sha doguwar hanya zuwa Birnin Kebbi ya tarar an ɗage tashin jirginsa saboda hazo. Mai saƙon ya rantse cewa aradu ce ke kakkaɓo jirage, cewa duk jirgin manya da ya faɗi hannun maƙiya ne, kuma wai ƙwararren direban jirgi ba ruwansa da hazo ko gajimare, rago ne kawai ke fasa tashi.

Batun aradu ba ya buƙatar dogon zance: takan faɗa wa jirage, kuma an ƙera jikinsu yadda wutar za ta bi ta wuce. Na maƙiya kuwa, mai faɗa ya kawo shaida.

Magana ta ukun ce ta hana ni barci, domin ita ke sa fasinja ya tayar da jijiyar wuya, ko mai jirgi ya matsa wa direbansa. Akwai gaskiya a cikinta: manyan jirage na ratsa gajimare kullum. Amma da na'urori suke tafiya, da horo na musamman da lasisinsa daban, kuma ko su galibi sai sun iya hango titin sauka. Wanda ya koyi tuƙi da ido kawai, da zarar ƙasa ta ɓace masa, ruwan cikin kunnensa zai fara yi masa ƙarya. Jirgi ya karkata, jikinsa na ce masa daidai yake. A wani gwaji na Jami'ar Illinois a Amurka a 1954, direbobi 20 marasa wannan horo duk jirgi ya kuɓuce musu, a matsakaicin daƙiƙa 178. Ko shayi bai huce ba. Irin wannan ruɗewa ce masu bincike suka gano a jirgi mai saukar ungulu da ya kashe Kobe Bryant da mutum takwas a 2020.

Ba sai mun je nesa ba. Gwamnan Taraba na wancan lokaci, Danbaba Suntai, wanda ya koyi tuƙi a Zariya, ya faɗi da ƙaramin jirgin Cessna kusa da Yola ranar 25 ga Oktoba, 2012. Rahoton bincike ya ce ba shi da cancantar tuƙa irin wannan jirgi, kuma tafiyar ido ya yi har bayan faɗuwar rana. Kafin nan, ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin kamfanin ADC ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato cikin hadari da juyin iska, ya faɗi nan take. Mutum 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Binciken ya ɗora laifi a kan tashi cikin mugun yanayin da aka riga aka sani. Da an fasa tashi ran nan, wa zai kira direban rago?

Ban ga laifin ɗan'uwan da ya fusata ba. Wanda ya ƙona mai daga Zuru ya cancanci a yi masa bayani da mutunci. Haushina na kan wanda ya zauna a inuwa ya naɗi murya kan abin da bai taɓa karanta ba. Ajali na Allah ne, amma an ce mu ɗaure raƙumi. Don Allah, in saƙon ya iso wayarka, kada ka tura shi gaba.