Sunanka Da Lambarka Amana Ne

Gidan Katta tana cikin ƙaramar hukumar Illela, a arewacin Jihar Sakkwato, dab da iyakar Nijar. Daga garin Illela zuwa Birnin Konni tafiya kaɗan ce. Mutanen wannan yanki sun saba da tambaya, gama a bakin iyaka akan tambayi matafiyi sunansa, da inda ya fito, da inda ya nufa, da abin da ya ɗauko. A dā amsar takan tsaya a cikin babban littafin ma'aikaci har gara ta cinye takardar. Yau ba haka ba ne. Abin da aka rubuta a kan mutum yana shiga kwamfuta, kwamfuta kuwa ba ta mantuwa, kafin ka koma gida ma labarinka ya riga ya kai Abuja.

Saboda haka ya kamata kowane gida ya san wanda yake tara labarinsa, da abin da yake yi da shi, da wanda yake tsaronsa.

Masu Tarawa

Bari mu fara da gwamnati. A shekarar 2011 hukumar sadarwa, wato NCC, ta sa aka soma rajistar layukan waya. A Fabrairu 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN domin masu ajiya a banki. Hukumar katin ɗan ƙasa kuwa, wato NIMC, wadda doka ta kafa a 2007, ita ce take ba da lambar NIN. Wanda ya je karɓar wannan lamba sai ya ba da sunansa, da ranar haihuwarsa, da inda yake zaune, a ɗauki hoton fuskarsa da zanen yatsunsa goma. BVN da NIN kowacce lamba 11 ce.

Mutanen Illela ba za su manta da watan Disamba 2020 ba. A ranar 16 ga watan aka sake buɗe iyakar Illela, wadda take rufe tun Agusta 2019. A makon nan kuma gwamnati ta ba da umarni a haɗa kowane layin waya da NIN. Ƙofar ciniki ta buɗe, amma ɗan kasuwar da ba shi da lamba sai ya bi dogon layi. A Afrilu 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira.

Bayan gwamnati akwai kamfanoni. Kamfanin waya ya san lambar da ka kira, da lokacin da ka kira ta, da ƙarfen sabis ɗin da wayarka ta kama, wato ya san wajen da kake. Banki ya san abin da ya shigo maka da abin da ya fita. Babbar waya mai intanet ta fi su duka tarawa. Kowace manhaja da ka sa a cikinta takan roƙi izini ta ga sunayen mutanenka, ko hotunanka, ko inda kake. Yawancinmu mukan danna alamar yarda ba tare da mun karanta ba, balle ma da yake rubutun da Turanci yake, ga shi kuma ƙanana.

Amfani Da Cuta

Kada mai karatu ya zaci tarawar nan duk mugunta ce. Asibitin da ya ajiye katinka zai san maganin da ya ba ka bara. Makarantar da ta rubuta sunan ɗanka daidai za ta ba shi takardar shaida daidai. A zaɓen 2023 na'urar BVAS ta duba yatsa ko fuskar mai zaɓe domin kada wani ya jefa ƙuri'a da katin wani. Ajiya mai kyau tana taimakon mai ita.

Cutar tana zuwa sa'ad da aka karɓi abu domin wani dalili, aka yi wani aiki dabam da shi. Facebook da WhatsApp ba sa karɓar kuɗin shiga, amma Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin Meta, mai su, yawancin kuɗinsa daga talla yake samu, talla kuwa takan yi tsada gwargwadon yadda aka san wanda za a nuna wa. A Yuli 2024 hukumar kare masu sayayya, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 saboda yadda ya yi da bayanan 'yan Nijeriya. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, amma a Afrilu 2025 kotun ta tabbatar da tarar.

Akwai wadda ta fi wannan kusa da ƙofar gida, wato bashin waya. A ce wani magidanci a Gidan Katta ɗansa ya kwanta ciwo, hatsi bai nuna ba, sai ya karɓi rancen naira 10,000 ta wata manhaja. Kafin a ba shi, ya yarda manhajar ta ga dukan sunayen da ke cikin wayarsa. Ranar biya ta wuce da kwana biyu. Sai saƙo ya isa wurin surukinsa, da maƙwabcinsa, da malamin 'ya'yansa, ana ce da shi ɓarawo. Kuɗin kaɗan ne, amma mutuncin da ya zube ba a kwashe shi. Irin wannan ya faru ga mutane da yawa a ƙasar nan. A Agusta 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 a kan irin wannan hali. A ƙarshen Mayu 2023 kuma Google ya hana manhajojin rance da ke kasuwarsa taɓa sunaye da hotunan da ke cikin waya. Amma manhajar da wani ya tura maka ta bayan fage ba ta bin wannan ƙa'ida.

Waɗansu kuwa da hannunsu suke sayarwa. A Yuli 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi a kan samarin da suke yawo suna sayen NIN da BVN na mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000. Da waɗannan lambobi akan buɗe asusu a yi zamba. In asiri ya tonu, sunan wa za a gani? Sunan talakan da ya sayar, ba na mazambacin ba. Haka yake ga wanda ya yi wa baƙo rajistar layi da NIN ɗinsa. A ƙasar da masu satar mutane suke neman fansa ta waya, wannan taimako yana iya kai mutumin kirki gaban hukuma.

Abin Da Doka Ta Ce

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 37, ya kāre sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. A Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kāre Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC domin tsaron wannan hakki. Ga kaɗan daga abin da dokar ta ba ka.

Wanda zai karɓi bayaninka wajibi ne ya faɗa maka dalili, kada kuma ya karɓi fiye da abin da aikin yake bukata. Kana da iko ka tambayi abin da aka ajiye a kanka, ka sa a gyara kuskure, ka janye yardar da ka bayar, ka kuma nemi a share abin da ba a bukatarsa kuma. In ɓarayi suka fasa ajiyar kamfani har abin zai iya cutar mutane, dole kamfanin ya sanar da hukumar cikin awa 72. Inda ake bukatar yarda a kan bayanin yaro, sai an nemi ta iyayensa ko mai riƙonsa. Dokar ta kuma ware waɗansu abubuwa da suke bukatar tsaro na musamman, kamar lafiyar jikin mutum, da addininsa, da ƙabilarsa, da ra'ayinsa na siyasa, da zanen yatsunsa. Babban kamfanin da ya karya dokar ana iya cinsa tara har naira miliyan 10, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ya samu a shekara, duk wanda ya fi yawa.

Mutumin iyaka yana da ƙarin abin lura. Da yawa suna riƙe da layi biyu, ɗaya na Nijeriya, ɗaya na Nijar. Abin da ka bayar a Konni yana ƙarƙashin dokar Nijar ne, wadda aka kafa a 2017, aka kuma sabunta ta a 2022. In an cuce ka a can, can ne ƙararka za ta tafi.

Aikin Da Ya Rage Ga Gida

Doka tana da kyau, amma Abuja da nisa take daga Gidan Katta. Mai tsaro na fari shi ne mai gida da uwargida. Ga shawarwari.

Na ɗaya, lambar sirri ta katin banki, da lambar da banki yakan aiko ta saƙo, ba a faɗa wa kowa su. Banki ba ya kira ya tambaye su. Wanda ya kira ya tambaya, ko da ya faɗi sunanka daidai, ɓarawo ne.

Na biyu, a wurin mai POS ka danna lambarka da kanka, ka kāre ta da ɗaya hannun. Tsohuwar da ba ta karatu, a sa ɗa ko jika amintacce ya raka ta. Kada a rubuta lambar a bayan katin.

Na uku, in waya ta ɓace, a sanar da banki da kamfanin waya a ranar, domin a rufe asusu da layi. Kafin a sayar da tsohuwar waya kuma, a share abin da ke cikinta sarai.

Na huɗu, in saƙonnin talla sun dame ka, ka aika kalmar STOP zuwa 2442. In kamfanin waya bai saurari kukanka ba, ka kira NCC a 622, kyauta ne.

Na biyar, kafin ka miƙa takarda ko ka danna yarda, ka yi tambaya: don me ake so, wa kuma zai gani? Tambaya ba rashin kunya ba ce, hakkinka ne.

Amanar Waɗansu A Hannunka

Saura abu ɗaya, shi ne kuwa mafi nauyi. Ba kamfani da gwamnati kaɗai suke riƙe da labarin mutane ba. Ɗan'uwa, buɗe wayarka ka ƙirga sunayen da ke ciki. Masu su sun ba ka lambobinsu domin zumunci, ba su ce ka miƙa wa mai ba da rance ba. Malamin makaranta yana riƙe da rajistar yara. Magatakardar ikkilisiya yana riƙe da sunayen membobi da gidajensu. Shugabar zumuntar mata tana riƙe da lambobin 'yan'uwa mata. Irin wannan takarda ba ta kwana a kan benci, ba a kuma ba da ita ga duk wanda ya zo da alkawarin tallafi sai an san ko shi wane ne.

Har a cikin alheri ma sai da lura. Sau da yawa akan ɗauki hoton mara lafiya a kan gadon asibiti, a faɗi ciwonsa, a watsa a WhatsApp domin a yi masa addu'a. Nufin mai kyau ne, amma an tambaye shi? Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. A nemi yardarsa tukuna. In bai yarda ba, sunansa kaɗai ya isa a yi addu'a. Haka kuma hoton yaro sanye da kayan makaranta yana faɗa wa baƙo inda zai same shi kowace safiya.

Iyaye, ku zauna da 'ya'yanku a daren yau, ku duba wayoyin gidan tare, ku cire manhajar da ba ku san aikinta ba. Ku koya musu tun suna ƙanana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yaron da ya iya riƙe sirrin gidansu, shi ne gobe zai riƙe na jama'a in aka ba shi littafin ofis.